Buɗaɗɗiyar Wasiƙa ga Kwamishinonin Ilimi na Jihohin Arewa Kan Halin da Zukatan Ɗalibanmu Ke Ciki

Masu girma kwamishinonin ilimi na jihohin Arewa 19, da shugabannin hukumomin ilimin bai-ɗaya na jihohi,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa ta girmamawa, ina roƙon Allah ya taya ku riƙon amanar da aka ɗora muku.

Ni tsohon malamin firamare ne. Na riƙe alli shekaru masu yawa a makarantun ƙauye da na birni kafin in ajiye aiki a matsayin hedimasta. A tsawon wannan lokaci na cike takardu bila adadin da ofis ke aikowa, ana tambayar yawan azuzuwa, da yawan bencina, da yawan yara maza da mata, da yawan waɗanda suka ci jarrabawa. Ba a taɓa aiko mini da takardar da ke tambayar yara nawa ne ke shigowa aji gabansu na faɗuwa ba. Wannan tambaya ce ta sa na ɗauki alƙalami, domin na daɗe da gamsuwa cewa halin da zuciyar yaro ke ciki shi ne ke buɗe masa ƙofar karatu ko ya rufe ta, kuma tsarin makarantunmu yana tafiya kamar wannan magana ba ta shafe shi ba.

Zan fara da wani yaro da na koyar a aji huɗu. Bayan an tashi daga makaranta yakan ɗauki farantin gyaɗa ya nufi tasha. Na sha tsayawa ina kallonsa: fasinjoji uku na miƙo kuɗi ta tagar mota a lokaci guda, direba yana matsa ham, shi kuwa yana ƙirga canjin kowa a ka, bai taɓa kuskuren ko kwabo ba. Amma da safe, in malamin lissafi ya kira shi gaban allo da dorina a hannu, sai ka ga allin yana rawa tsakanin yatsunsa, gumi yana tsattsafo masa a goshi, ya kasa faɗin bakwai sau shida. Abin da aka rubuta a katin sakamakonsa shi ne ba ya gane lissafi. Kai ɗaya ne yake zuwa da shi tasha da makaranta. Abin da ya bambanta wuraren biyu shi ne a tasha babu wanda zai tsula masa bulala a gaban 'yan'uwansa in ya yi kuskure.

Masana ƙwaƙwalwa sun yi bayanin abin da ke faruwa a irin wannan lokaci. A can cikin ƙwaƙwalwa akwai wani ɗan sashe da ake kira amigdala, wanda aikinsa kamar na mai gadi ne: da zarar ya hango barazana sai ya tayar da jiki, sinadaran adiranalin da kotizol su kwarara cikin jini, zuciya ta ƙara bugu, baki ya bushe, jiki ya yi shirin gudu ko kare kai. A wannan hali sashen gaban ƙwaƙwalwa, wanda da shi ake tunani da lissafi da tsara magana, ƙarfinsa yakan ragu. Wurin da ƙwaƙwalwa ke ɗora abin da take aiki a kansa a lokaci guda ɗan ƙarami ne, kamar faifan mai talla, abubuwa kaɗan yake ɗauka. In tunanin bulala ya cika faifan, ina lambobi za su zauna? Kuma in tsoron ya zama na kullum, wata da watanni, yawan kotizol yana taɓa sashen da ke adana sabon abin da aka koya, shi ya sa ake samun yaron da aka yi wa darasi jiya ya wayi gari kamar bai taɓa jin sa ba.

Ba ina cewa a raba yaro da duk wata fargaba ba ne. Ɗan ɗokin da ɗalibi ke ji ana gobe jarrabawa, wanda ke sa shi ya kunna fitila ya buɗe littafi, alheri ne. Wanda nake magana a kansa shi ne tsoron da ke sa yaro ya daina neman sani ya koma neman tsira. Duk malamin da ya daɗe a aji ya san kamanninsa. Yaro ya koma bencin baya ya ɓuya a bayan wanda ya fi shi tsawo. In an ce wa bai gane ba, ya yi shiru, domin faɗin gaskiya zai jawo masa duka. Ya kwafi aikin gida daga littafin abokinsa a bakin ƙofa. Ya haddace abin da bai fahimta ba, ya rera shi tare da aji, bakinsa na motsi. In ya makara, maimakon ya fuskanci tsallen kwaɗo a bakin get, sai ya zarce kasuwa ko bakin rafi har a tashi, ya koma gida da jakarsa kamar ya je. Daga nan sai fashi ya yawaita, wata rana a soke sunansa daga rajista, a ƙara shi cikin lissafin yaran da ba sa zuwa makaranta, mu kuma mu ce iyayensa ne ba sa son boko.

Wannan ba sabon ilimi ba ne da Turawa suka kawo. Tun a ƙarni na 14 Ibn Khaldun ya keɓe fasali guda a cikin Muƙaddima yana bayanin cewa tsanantawa ga ɗalibai tana cutar da su, tana ƙuntata ransu, tana kashe musu karsashi, tana jawo kasala, kuma tana koya musu ƙarya da yaudara saboda tsoron hannun da zai faɗo musu. A wannan fasali ya kawo maganar Ibn Abi Zaid, mai Risalar da malamanmu ke karantarwa a zaure har gobe, cewa in ma dukan ya zama dole, kada mai tarbiyya ya wuce bulala uku. Ranku ya daɗe, ku kwatanta wannan da abin da ake yi wa yaro yau a kan ya manta littafi a gida.

Na san abin da za a ce, domin ni ma na faɗe shi shekara da shekaru: mu ma an doke mu, ga shi mun zama mutane. Amma masu faɗin haka su ne waɗanda suka kai ƙarshe. Ina tuna ajinmu na firamare, ina tuna yadda muka fara da yawa muka ƙare 'yan kaɗan, kuma cikin waɗanda suka zube a hanya akwai waɗanda na san sun fi ni kai nesa ba kusa ba. Ba a gayyatar su taro su ba da labarin abin da bulala ta yi musu. Ana kuma kafa hujja da cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Gaskiya ne, sai dai duk wanda ya taɓa yin baka ko kwando ya san a hankali ake lanƙwasa ɗanyen icce, wanda ya fizge shi da ƙarfi karya shi zai yi. Anas ɗan Malik ya yi wa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, hidima shekara goma tun yana yaro, ya ce bai taɓa ce masa ko tir ba. Hadisin da ya fi taɓa ni a wannan babi shi ne na ƙanen Anas, Abu Umair, wanda ɗan tsuntsun da yake wasa da shi ya mutu, Manzon Allah ya lura da baƙin cikinsa, ya tsaya yana tambayarsa labarin tsuntsun. Shugaban al'umma guda bai ɗauki damuwar ƙaramin yaro abin rainawa ba.

Binciken zamani ya zo ya tarar da wannan magana a inda take. Wani dogon nazari da Jami'ar Oxford ta jagoranta, wanda ya bi rayuwar dubban yara a Habasha da Indiya da Peru da Biyetnam, ya nuna a rahoton da aka fitar tare da UNICEF a 2015 cewa a yawancin ƙasashen, yaran da ake duka a makaranta suna shekara 8 sun fi samun ƙarancin maki a lissafi da suka kai shekara 12. Dukan da ake yi don yaro ya iya, shi ne ke tafiya tare da rashin iyawar.

Akwai kuma dukan da ba ya barin shati a jiki. Malami ya kira yaro daƙiƙi a gaban aji, ko ya sa aji duka su yi masa ihu don ya ɗauki na ƙarshe, ko a ba monita takarda ya rubuta sunan duk wanda ya yi Hausa, a ci shi tara ko a sa shi durƙuso. Yaro ɗan shekara bakwai, wanda harshe ɗaya kawai yake da shi na faɗin abin da ke ransa, an mayar masa da wannan harshe laifi, sannan ana mamakin ya zama kurma a aji. Mu mutane ne masu kunya, kuma muna yabon yaro mai kunya, don haka tozarci a bainar jama'a ya fi yi wa ɗanmu illa fiye da yadda muke zato. Yarinyar da aka yi wa dariya sau ɗaya don ta karanta kalma ba daidai ba, tana iya gama firamare ba ta sake ɗaga hannu ba.

Dole in faɗi nawa laifin, domin ba zan roƙe ku gyara ina ɓoye hannuna ba. A shekarun farko na aikina akwai yaron da ke yawan barci a ajina, kullum kansa a kan benci. Wata safiya raina ya ɓaci, na fito da shi na yi masa bulala biyar a tafin hannu. Bai yi kuka ba, ya dai dube ni, ya koma ya zauna. Da aka fita tara sai wata yarinya 'yar unguwarsu ta zo ta tsaya daga nesa, ta ce, "Malam, innarsa ce ta rasu, kwana tara ke nan." Shi ne babba, shi ke kwana yana rarrashin ƙanwarsa, shi ke ɗebo ruwa kafin ya taho. Kwana tara yana zaune a gabana, labarin zuciyarsa yana rubuce a fuskarsa, ban karanta ba, saboda a kwalejin horon malamai an koya mini tsara darasi da riƙe rajista, amma ba a taɓa koya mini in dubi fuskar yaro kafin in dubi littafinsa ba. Na je gidansu na yi ta'aziyya, na nemi gafararsa, kuma har yau wannan kallo nasa bai bar ni ba.

Duk wannan tsohon ciwo ne. Sabon da ya hau kansa ya fi shi muni. A watan Fabrairun 2014 aka kashe ɗalibai a ɗakunan kwanansu a kwalejin gwamnatin tarayya ta Buni Yadi, a watan Afrilun shekarar aka kwashe 'yan mata 276 a Chibok, a 2018 aka ɗauki 110 a Dapchi. Daren 11 ga Disambar 2020 aka kora yara sama da 300 daga makarantar kimiyya ta Ƙanƙara zuwa daji, sai Kagara, sai Jangebe inda 'yan mata 279 suka dawo, sai Islamiyyar Tegina inda ƙananan yara suka yi kusan wata uku a hannun 'yan bindiga, sai Birnin Yawuri, sai makarantar Bethel a Kaduna. A Kuriga, ranar 7 ga Maris 2024, da safe aka zo, daidai lokacin taron asambuli. A watan Satumbar 2021 UNICEF ta ce aƙalla yara miliyan ɗaya a Najeriya suna tsoron komawa makaranta.

Lissafin da ake yi bayan kowane hari shi ne nawa aka ɗauka, nawa suka dawo. Ba a lissafa yaran makarantun da ke nesa da wurin, waɗanda labari kawai suka ji a rediyo ko a bakin manya. A makarantar da na yi aiki daga ƙarshe ba a taɓa kawo mana hari ba, amma wata rana ayarin 'yan acaɓa masu rakiyar amarya suka wuce ta bayan katanga, kafin in fito daga ofis aji uku sun watse, wasu ta taga, wata yarinya ta karye a hannu, takalma da jakunkuna birjik a fili. Bayan haka na lura yara suna rige-rigen zama kusa da ƙofa, wasu ba sa cire jaka daga bayansu har a tashi. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Waɗannan yara ko saran ba su sha ba, labarinsa kaɗai ya ishe su. Yaron da kunnensa ɗaya ke kan malami, ɗayan yana sauraron ƙarar babur, rabin darasi ma ba ya samu.

Najeriya ta amince da yarjejeniyar kare makarantu ta duniya tun 2015, Abuja ta karɓi baƙuncin taronta a 2021, an fitar da manufar ƙasa kan tsaron makarantu da kawar da cin zarafi a cikinsu a shekarar 2021 ɗin, kuma a ƙarshen 2022 aka ƙaddamar da tsarin kashe kimanin naira biliyan 144 a kan wannan aiki daga 2023 zuwa 2026. Katanga da get da masu gadi wajibi ne, ba na jayayya. Sai dai manufar da kanta ta ambaci cin zarafi a cikin makaranta, kuma wannan rabin nata ne ba a cika jin ana maganarsa ba. Yaran da aka kuɓutar akan kai su gidan gwamnati, likita ya duba su, a ɗauki hoto, a miƙa su ga iyaye. Wata uku bayan haka, lokacin da mugayen mafarkai suka fara, yaro ya koma fitsarin kwance, ko ya zama mai saurin faɗa, ko ya daina magana, babu kowa a kusa sai malamin ajinsa, wanda ba a taɓa gaya masa cewa waɗannan alamun firgici ne ba, don haka yakan ɗauke su a matsayin taurin kai, ya ɗauko tsumagiya.

Abin da ke ƙarfafa mini gwiwa shi ne an gwada gyara, kuma ya yi aiki. A 2011 Joseph Durlak da abokan aikinsa suka tattara sakamakon shirye-shirye 213 na koya wa ɗalibai gane abin da ke ransu, da danne fushi, da zama da juna, waɗanda suka shafi ɗalibai sama da 270,000, yawancinsu a Amurka. Bayan gyaruwar ɗabi'a, sakamakon karatunsu ma ya ɗaga, ta yadda ɗalibin da ke tsakiyar mutum ɗari yakan wuce mutum 11 da ke gabansa. In an ce Amurka daban take, to ga Diffa nan maƙwabta a Nijar, inda ƙungiyar agaji ta IRC tare da Jami'ar New York suka gudanar da azuzuwan ƙarin darasi ga yaran da rikicin Boko Haram ya taɓa, cikinsu har da 'ya'yanmu 'yan gudun hijira daga Borno, aka horar da malamai su mayar da aji wurin da yaro zai sami natsuwa, kuma karatu da lissafin yaran suka ƙaru.

Amma kada a ɗora wa malami wannan kaya a manta da tasa zuciyar. Manufar ilimi ta ƙasa ta ce malami ɗaya ga yara 35 a firamare; ni na tsaya a gaban fiye da ɗari, wasu a ƙasa, wasu a kan taga. Malamin da albashinsa ya makara, mai gidan haya yana jiransa, ga yara ɗari suna hayaniya, dorina ce kawai makamin da aka bar masa, kuma da ruwan ciki ake jan na rijiya. Halin malami yana naso zuwa ga yara. Sian Beilock da abokan aikinta a Jami'ar Chicago sun nuna a 2010 cewa malamai mata masu fargabar lissafi, 'yan matan ajinsu sukan ƙare shekara suna ganin lissafi na maza ne, makinsu kuma ya ragu. In fargabar lissafi kaɗai tana ratsawa haka, ina ga fushi da ƙuncin rayuwa?

Saboda haka roƙona na farko ya shafi horon malamai. Kwalejojin ilimi na jihohinku suna koyar da ilimin halayyar ɗan Adam, amma ana haddace shi ne don jarrabawar NCE, sunayen masana da ra'ayoyinsu, a manta bayan an fito. Ina roƙon a mayar da shi aikin hannu: a lokacin koyon aiki a aji, a duba ko ɗalibin malami ya iya gane yaron da ke cikin damuwa, ya iya tsawatarwa ba tare da tozartawa ba, ya iya karɓar amsar da ba daidai ba ta yadda yaron zai sake gwadawa gobe. Waɗanda ke bakin aiki kuma, cikin kuɗin horarwa da ke zuwa ta hannun hukumar ilimin bai-ɗaya ta ƙasa (UBEC) da kwasa-kwasan cibiyar malamai ta ƙasa da ke Kaduna, a ware wa wannan fanni kaso, a yi shi da Hausa ko da harshen da malaman suka fi ji, ba a otal a babban birni da Turancin da rabin mahalarta ba za su bi ba.

Game da bulala, takardar hani kaɗai ba za ta wadatar ba. In aka karɓe dorina daga hannun malami ba a ba shi wata dabara ba, zai mayar da ita zagi, ko ya naɗe hannu ya bar aji ya lalace. A haɗa hanin da horo, a kuma zauna da iyaye ta kwamitocin kula da makarantu, da limamai da fastoci da masu unguwanni, domin uba da yawa shi ke kawo ɗansa ya ce wa malami ya doke shi, kada ya raga masa.

Manufar ilimi ta daɗe da tanadar malamin ba da shawara a makarantu. A inda na san ana da shi, yawanci suna ne kawai, an ƙara masa darussa har ba shi da lokacin sauraron kowa. A kowace makaranta akwai malami ko malama da yara ke zuwa wurinsa da kansu in abu ya dame su. Hedimasta ya san shi. A rage masa darasi, a ba shi horo, a ba shi ɗan wurin da yarinya za ta yi magana ba a ji ba, a kuma nuna masa hanyar miƙa wanda abinsa ya yi tsanani ga asibitocin ƙwaƙwalwa irin na Kaduna da Kware da Maiduguri, tun da dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa ta fara aiki a 2023. Duk makarantar da aka kai wa hari, da maƙwabtanta, a sa musu ido na shekara guda aƙalla, kada a tsaya a ranar ɗaukar hoto. Ciyarwar makaranta da aka fara a 2016 ma tana cikin wannan magana, domin na ga yadda aji ke lafawa bayan an ci abinci, na kuma ga yadda faɗa da kuka ke yawaita ranar da mai abinci ba ta zo ba.

Abu na ƙarshe ba ya bukatar ko sisi. Takardar da sufeto ke cikewa in ya zo duba makaranta tana hannunku. A ƙara mata layi biyu ko uku: yara nawa ne suka yi tambaya da kansu a darasin da ya kalla, me malami ya yi wa wanda ya ba da amsar da ba daidai ba, kuma ko akwai bulala a kan tebur. Malamai suna kula da abin da ake dubawa. Ina kuma roƙon kowannenku, ranku ya daɗe, ya zaɓi wata safiya cikin wannan zango, ya shiga wata firamare ta ƙauye ba tare da sanarwa ko jiniya ba, ya zauna a bencin baya na aji uku na tsawon darasi ɗaya, ya dubi fuskokin yaran lokacin da malami ya juyo daga allo yana neman wanda zai kira.

Wassalam.

Naku cikin girmamawa,
Tsohon hedimastan makarantar firamare